Fitila a Kan Dutsen Yaya Tabawa

Ku matso nan, 'ya'yan yau, ku kife wayoyin nan ku ba ni aron kunnuwanku. Ga ta nan gare ku, amma kada ku amsa mini da dariya, don wannan ba tatsuniya ba ce, ni ta faru da ita. Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Da baki na faɗa aka rubuta, na kuma ce a bar sunana a ɓoye, ba don ni ba, don jikokina.

Ni 'yar makoɗi ce. Da yawanku ba ku san sana'ar ba. Dutsen niƙa idan ya daɗe ana aiki a kansa sai ya yi sulɓi, ya daina cin hatsi. Sai a kira mai koɗa ya zo da ɗan ƙarfensa, ya bi fuskar dutsen yana sara, ƙwas, ƙwas, ƙwas, har ta yi kaushi. Mahaifina bai haifi namiji ba, sai ya danƙa mini ƙarfen. Na yi aure da shi a hannuna, na haifi Hansatu, mai gidana ya rasu, ƙarfen yana nan. Daga cikin Wudil zuwa Indabo, zuwa Utai, zuwa Dagumawa, ba tsakar gidan da ban durƙusa ba. Mata sukan bar mini ɗaki a buɗe su tafi rijiya. Ko allura ba a taɓa nema an rasa ba a bayana.

Sai injin niƙa ya shigo. A hankali duwatsu suka koma na zaman alwala, wasu na tokare ƙofa, wasu kaji na shan ruwa a cikinsu. Aka daina kirana.

Mutum ɗaya ce ba ta daina ba, Yaya Tabawa. Katanga ɗaya ta raba mu. Ta girme ni da kaɗan, kuma ƙyanda ta tafi da idanunta tun tana yarinya. Da niƙan yajin jego take ci: citta, kanumfari, masoro, kimba, barkono. Mata sun ce na inji ƙonewa yake, ƙamshinsa ya gudu, saboda haka duk gidan da aka haihu a unguwarmu sai an aiko wurinta. Dutsenta baƙi ne wuluk, ba irin namu ba. Kakarta ce ta zo da shi a kan jaki daga ƙasar duwatsu. Sau biyu a shekara nake koɗa mata, ba ta biyana da komai sai ƙullin yaji.

In na yi sallama sai ta ce, "'Yar Makoɗi, kin zo fasa mini kunne ke nan?"

In ce, "Yaya, ido ya huta tuntuni, bari kunnen ma ya samu rabonsa."

Ta ce, "Ja'ira. Zauna ki sha kunu tukun."

Haka muke sama da shekara arba'in.

Wata Juma'a, ranar kasuwa, ina zaune a gefe da duwatsu biyu da ba mai tayawa, sai wani mutum ya tsaya a kaina, fes da shi cikin farar shadda, ƙamshin turare na tashi. Dillalin kayan da ne, ana ce masa Ɗanbaba. Ya tsuguna ya gaishe ni gaisuwar ɗan mutunci, ya tambayi gida, ya tambayi jikoki, ya tambayi ƙafa. Sannan ya miƙo mini wayarsa.

Ya ce, "Inna, kin san wannan?"

Na duba. Hoton wani dutse ne da zane a jikinsa: sanda ɗaya a tsaye a kan ƙafa uku, rassa uku ta dama, uku ta hagu, duk sun lanƙwaso sun dubi sama.

Na ce, "Bishiya ce aka yi wa sassabe?"

Ya yi dariya. Ya ce fitila ce ta Yahudawan da, menora suke ce mata. A zamanin da can sukan sassaƙa ta a duwatsun kaburburansu da ƙofofin wuraren ibadarsu, yanzu kuma masu tara kayan tarihi a ƙasashen waje suna nemanta ido rufe. Shi dai ta ado yake so, a ajiye a falo.

Na ce, "Ɗan nan, ba gunki za ka sa ni yi ba ko?"

Ya ce, "Haba Inna, fitila gunki ce?"

Kwana uku na yi ina aikinta a kan wani tsohon dutsena. Da ya zo ya gani, ya daɗe yana shafawa, ya ce, "Wannan hannun ne aka bari yana zaman banza?" Ku ji gaskiya, 'ya'yana. Ba yunwa ce kaɗai ta kama ni ba. Shekaru ke nan ba wanda ya ce mini sannu da aiki. Wannan kalmar ce ta fara shiga, kafin abin da ya damƙa mini a hannu.

Zuwansa na biyu ya ce aikin ya yi kyau, amma ya yi sabo da yawa. Ya koya mini in binne dutsen a turken shanu, inda fitsari yake jiƙa ƙasa, in tono bayan wata guda in goge shi da toka da jar ƙasa. A nan na gane. Na san ba a yi wa kayan ado haka. Amma na ce a raina, ni dai sara nake yi, abin da ya faɗa wa masu saye tsakaninsa da Allah.

Zuwansa na uku ya ɗauke ni a mota zuwa wata gona a bayan Dagumawa. Ya sa na ɗaura tsohon zanen saƙi, ya zaunar da ni gindin tsamiya da dutsen a gabana, ya ɗaga wayarsa. Na dubi wayar na ce garmar kakana ce ta tono shi a nan, kuma kakana ya ce wasu baƙin fatake ne suka taɓa zama a wurin. Sau huɗu muka maimaita har ya gamsu. Na yi wa kakana ƙarya yana kwance a kabarinsa, na dawo gida na yi sallar la'asar.

Daga nan na shiga ƙauyuka neman tsofaffin duwatsu. Tsufansu na gaskiya ne, hannun mata ne ya cinye su, shi ya sa suke ruɗar mai saye. Wasu na musanya da robar wanka. Wasu na ce zan kai gida in koɗa, ban mayar ba. Tsofaffin da suka san ubana suka riƙa miƙo mini suna sa mini albarka.

Ana nan sai Ɗanbaba ya zo da sabon zance. Ya ce wani babban mai saye ya ce na asali, waɗanda ake tonowa a can ƙasar Yahudawan, da yawa a baƙin dutse suke. In aka samu baƙi, an gama. Bai san da dutsen Yaya Tabawa ba. Bai taɓa shiga gidanta ba. Ni na tuna da shi. Ina so a rubuta wannan yadda na faɗa, don na daɗe ina ɗora wa mutumin nan abin da zuciyata ce ta kawo.

Da hantsi na shiga da baro. Na ce, "Yaya, bana sai dai in kai shi gida. Ƙugun nan ya matsa mini, can ina da inda nake jingina."

Ta ɗora tafin hannunta a kansa, ta ce, "Bai taɓa kwana a waje ba, kin sani."

Na ce, "Gidana waje ne?"

Ta ce, "A'a. Ɗauki."

A tsakiyar fuskarsa na sara fitilar, inda ya fi santsi. Ban taɓa yin wadda ta kai ta kyau ba. Bayan kwana huɗu na turo mata wani dutse mai girmansa, na shafe shi da man gyaɗa da yaji don ƙamshi ya zo ɗaya. Lissafina duk a kan abu guda yake: ba ta gani. Shekara arba'in ina kallon matar nan tana zura zare a allura da harshe da yatsa, amma ranar na ce ba ta gani.

Ta durƙusa. Ta bi shi da hannu biyu daga kai zuwa gindi, ta dawo. 

Ta ce, "Koɗar ta yi zurfi wannan karon."

Na ce, "Hannu ne ya tsufa, Yaya."

Ta ce, "Haka ne. Hannu yana tsufa."

Ta laluba ƙwaryarta, ta ɗauko ƙullin yajina kamar kullum, ta sa mini a hannu.

Daga ranar na daina shiga gidanta. Amma katanga ba ta hana ji. Dutsen da na kai mata mai taushi ne, yana zubar da rairayi. Muryarsa ma daban, wani ƙaras-ƙaras, ba irin gurnanin nata mai nauyi ba. Ina ɗaki na ji wata mata tana cewa, "Tabawa, yajin nan da tsakuwa, mai jego ta kusa fasa haƙori." Na ji tana ba da haƙuri. Wata ta zo, ita ma haka. Sannu a hankali sallama ta ragu a ƙofarta. Ni kuwa a lokacin ina soya nama, ina rufe ƙofa kada ƙamshi ya tsallaka.

Damina ta wuce, aka yi girbi. Sai aka tare kayan Ɗanbaba a hanyar fita da su. Hukuma ta kira wata Malama daga jami'ar nan ta garinmu ta duba. Ashe 'yar ƙauye ce, a gindin dutsen niƙa ta girma. An ce ko gilashinta ba ta sa ba. Ta shafa, ta kai hanci, ta ce, "Wannan ai dutsen niƙa ne, ga sawun koɗa nan a ƙarƙashin zanen." Ɗanbaba ya ce shi ma cutarsa aka yi, wata tsohuwa ce ta rantse masa, ya buɗe waya ya nuna ni gindin tsamiya. Ina shanya kuka a tsakar gida 'yan sanda suka yi sallama da ni, suka sa ni a mota. Hansatu ta biyo motar da gudu ba mayafi, mace da 'ya'ya biyar.

Ranar shari'a aka jera duwatsun a ƙasa gaban alƙali. Malamar ta yi bayani, sannan ta juyo gare ni, ba da faɗa ba. Ta ce, "Inna, kin san abin da kika zana?" Ta ce Yahudawan nan sun watsu a duniya, an kore su nan, an kore su can, duk inda suka binne nasu sukan sa wannan fitilar don a san nasu ne. Ta ce akwai wani tsoho a wata ƙasa mai nisa da ya sayi ɗaya daga cikin na farko. Ya rubuto wa dillalin cewa kullum da safe sai ya shafa shi, yana jin kamar hannun kakanninsa yake taɓawa. Ban taɓa kawo wa raina cewa akwai mutum a ƙarshen hanyar ba. Na ɗauka masu kuɗi ne kawai marasa aikin yi. Ashe tsoho ne kamar ni, yana neman nasa.

Sai na ji ƙwanƙwasar sanda a bakin ƙofa. Yaya Tabawa ce, Hansatu na riƙe da hannunta. Ta ce a kai ta wurin duwatsun. Ta durƙusa, ta taɓa na farko ta wuce, na biyu ta wuce, na uku, na huɗu. A na biyar ta tsaya, ta kwantar da kumatunta a kansa.

Ta ce, "Ga ka."

Alƙali ya ce, "Baiwar Allah, yaya aka yi kika sani?"

Ta ce, "Ranka ya daɗe, uwata bahaguwa ce, uwarta ma haka. Sa hannunka ka ji, ramin ya karkata hagu. Ni da dama nake aiki, shekara sittin ina bin karkatarsu. Duk safiya in na durƙusa, sai in ji inda suka jingina."

Ya ce, "Ke kika ba ta?"

"Na ba ta ta koɗa."

"Ta mayar miki?"

"Ta kawo mini wani."

"Kin sani tun a lokacin?"

"Tun kafin ta sauke shi daga baro. Ƙarar tayar ma ba ɗaya ba ce."

"To me ya hana ki kai ƙara?"

Ta ce, "Ina jira ta faɗa mini da bakinta. Na ce ko gobe, ko jibi."

Tana magana yatsunta na yawo, sai suka faɗa cikin zanen. Ta bi sandar, ta bi rassan ɗaya bayan ɗaya, bakinta na ƙirgawa. Ta juyo da fuskarta daidai inda nake, ban san ko numfashina ta ji ba.

"'Yar Makoɗi, mene ne wannan?"

Na ce, "Fitila ce, Yaya."

Ta ce, "Fitila. Duk faɗin Wudil kin rasa wanda za ki kunna wa fitila sai ni?"

Mutane suka yi dariya, har ɗan sandan da ke tsaye a kaina. Ni kuwa a nan na buɗe baki. Na faɗi komai, da turken shanu, da tsamiya, da tsofaffin da na yaudara, har abin da ba a tambaye ni ba.

Shekara guda da rabi na yi a gidan yari. Ba zan cika ku da labarin ciki ba. Ku dai sani tsohuwa mai furfura tana layin tuwo, yarinya sa'ar jikarta tana daka mata tsawa, kuma ba ta da bakin cewa komai. Duk wata Hansatu takan zo, kuma duk zuwa da ƙullin yaji. Ta ce Yaya ce ta ce a kawo mini. Dutsenta yana hannun hukuma har a gama da Ɗanbaba, saboda haka a kan wanda na kai mata take niƙawa. Na barbaɗa a tuwo, na kai baki, na tauna rairayi, ƙaras. Ban tofar ba. Duk watan duniya na cinye shi tas, da rairayin da komai. A kan wannan yajin na tuba, ba a kan wa'azin da ake zuwa yi mana ba.

Da aka sake ni na shige ɗaki na ƙi fitowa. Kwana uku ko tsakar gida sai na leƙa ba kowa. A na huɗu, da safe, na ji sanda tana dukan katanga.

"'Yar Makoɗi! Za ki fito, ko sai an sake aiko miki da 'yan sanda?"

Na ɗauki ƙarfena na zagaya. Tana zaune, baƙin dutsen a gabanta, an mayar mata. Na durƙusa na ce, "Yaya, ki yafe mini. Na sace miki dutse, na kawo miki wani, na ce ba kya gani."

Ta ce, "To. Yau dai kin faɗa. Na yafe tun kina can."

Na ce, "Bari in koɗe zanen nan. Kafin azahar babu shi."

Ta ce, "Ajiye ƙarfen nan. Yaji yana maƙalewa a cikin rassan, ni kuma kafaɗa ta gaji. Ke za ki riƙa niƙa mini. Da niƙa za ki shafe ta, ba da sara ba."

Na ce, "Yaya, wannan ai sai shekaru."

Ta ce, "Ina za ki?"

Haka na fara. Kullum bayan na karya sai in zagaya, in durƙusa, in kama ɗan dutsen. Tana gefe tana tsince citta, tana ba ni labarin wadda ta haihu da wadda ta yi yaji. Da farko matan unguwa in sun gan ni sai su tsaya daga zaure. Sai ta ɗaga murya ta ce, "Ku shigo, ba ta cizo, an cire mata haƙoran a can." A hankali suka dawo. Duk Juma'a takan sa yatsa ta duba, ta ce, "Reshen gefe ya fara tafiya," ko ta ce, "Ragwanci kike, har yanzu shida ne." In lokacin koɗa ya yi, tana tsaye a kaina, in bi gefe-gefe, ba ta yarda ƙarfe ya taɓa fitilar.

Shekara huɗu muna haka. A ciwonta na ƙarshe, ina shafa mata man zafi a ƙafa, na tambaye ta dalilin da ya sa ta hana ni koɗe zanen. Ta ce, "Na san ki tun kina da kitso biyu. Da na bar ki kin goge ta rana ɗaya, da kin koma ɗaki kunya ta kashe ki, ni kuma in rasa mai ba ni haushi. Dutse na samu. Ke nake nema."

To ga yadda kowa ya ƙare. Ɗanbaba ya fi ni daɗewa a ciki, da ya fito ya bar ƙasar nan, an ce yana sayar da takalma a wani gari. Malamar tana nan tana koyarwa, takan aiko a saya mata yaji. Ita ta taimaka aka mayar da sauran duwatsun ƙauyukansu, na bi su gida-gida na nemi gafara. Biyu daga cikin tsofaffin na tarar sun rasu. Na roƙe ta ta rubuta wa tsohon nan na ƙasa mai nisa, ta gaya masa hannuna ne ba na kakanninsa ba, ya yafe mini. Ta rubuta. Amsa ba ta zo ba, ban sani ba ko ta same shi da rai. Wannan yana nan a wuyana, da shi zan tafi. Hansatu ta daɗe ba ta iya shiga taron biki, yanzu ta warware. Yaya Tabawa ta rasu bara da kaka, Allah ya haskaka kabarinta. Ba ta bar ɗa ba. Ta ce a ba ni dutsen.

Ku kuma, 'ya'yana, ga abin da zan ce muku. Duk wanda ya zo yana yaba hannunku, ku tambaye shi ina aikin zai je, kuma wa zai karɓa a can. In aka ce ku sa sabo ya zama tsoho, ku tashi ku bar wurin tun ranar. Kada ku taɓa abin ibadar wasu da kaburburansu don ba naku ba ne, su ma kuka suke yi wa nasu. Kada ku ce wannan ba ya gani, wannan ba ya ji, wannan yana nesa. In kuwa har kun riga kun yi, ku je ku faɗa da bakinku yau. Wataƙila akwai mai jiranku a bayan katanga, tana cewa ko gobe, ko jibi.

Nan na tsaya, ba ƙari, ba ragi. Rassa shida sun shafe, ƙafafun ma sun tafi. Saura sandar tsakiya, ita ma ido ba ya ganinta sosai. Sai na rufe nawa idon, na sa yatsa, sannan nake samunta. Gobe da safe akwai suna a bayan layinmu, an kawo citta tun jiya.